Fentin Mota Mara Sheƙi: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini da Amsoshinsu

A da, duk wanda ya kawo mota fenti abu ɗaya yake nema, a yi mata sheƙin da mutum zai ga fuskarsa a jikin ƙofa. Yanzu kuwa da wuya mako ya ƙare wani bai shigo garejinmu da hoto a waya ba, hoton Marsandi ko BMW mai ruwan toka ko baƙa wadda ba ta ƙyalli, ya ce, "Oga, irin wannan nake so." Mu masu sana'a mat muke ce masa. Ina son wannan fenti ƙwarai, shi ya sa nake zaunar da mai mota in yi masa bayani kafin ya ba da kafin alƙalami. Ga tambayoyin da masu motoci da yaran gareji suka fi yi mini, da amsar da nake ba su.

Oga, shi mat ɗin nan wani launi ne na daban?

A'a, launin iri ɗaya ne da na sauran motoci. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: firaima a kan ƙarfe, launi a kan firaima, sannan kiliya a sama, wato wannan ruwan garai-garai da ke kare launin daga rana da ruwa. In aka haɗa su duka a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu yakan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150, kusan kaurin fallen takarda. Kiliyar kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba.

Bambancin duk a cikin kiliyar yake. Ta mat ana zuba mata wani gari mai laushi ƙwarai, galibi na silika. Yayin da tina, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ke tashi, kiliyar na tsukewa, sai ƙwayoyin garin su ɗan turo kai a samanta. Ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, amma suna watsa hasken da ya sauka a kansu ta ko'ina, maimakon ya dawo wa ido kai tsaye. Ka ɗauki farantin tangaran ka ajiye kusa da tukunyar ƙasa a rana, za ka ga abin da nake nufi.

Daga ina yayin ya taso?

Masu gyara tsofaffin motoci a Amurka sun daɗe suna yawo da baƙin fenti mara ƙyalli, amma manyan kamfanonin Jamus ne suka mayar da shi kayan masu hali. BMW na kiran nasa Frozen, Marsandi kuma magno. A shekarar 2010 BMW ya ware wa kasuwar Amurka motoci 30 kacal ƙirar M3 masu launin Frozen Gray, kuma sai da masu saye suka sa hannu a takardar da ke bayyana yadda za a kula da fentin. Daga baya Hyundai ya sa shi a Veloster Turbo, ya zo hannun masu matsakaicin ƙarfi. Wannan takardar da BMW ya sa aka sa wa hannu ita ce abin lura a labarin. Kamfanin da ya ƙera motar ma ya san fentin ba ya yafe kuskure.

Me ya sa kuke cewa ba a yi masa folish?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran suka rataya a kanta. A fenti mai sheƙi, mai fenti yana da damar gyara bayan ya ajiye bindigar feshi. In ƙura ta faɗa, ko kiliya ta yi hawaye a gefen ƙofa, washegari sai ya bi wurin da samfefa mai lamba 1500 ko 2000, ya sa injin folish, wurin ya koma sumul kamar ba a yi komai ba. Da yawa daga cikin kyawawan ayyukan da ake yabawa, rabin kyansu daga injin folish ya fito.

A mat babu wannan damar. Rashin sheƙin yana zaune ne a kan fatar kiliyar kawai, a waɗannan ƙananan tudu da kwari da garin silika ya yi. Aikin folish kuwa shi ne baje tudu. Da ka goga, ka aske su, wurin ya yi ƙyalli, kuma babu wani mai ko sinadari da zai mayar da shi yadda yake. Abin da ya fito daga bakin bindiga shi mai mota zai tafi da shi gida.

Na ga wannan da idona. Mun taɓa gama bonet ɗin wata mota baƙa, ya fito lafiya lau, sai ɗan ƙwayar yashi guda kusa da gilas. Wani yarona mai ƙwazo, da nufin alheri, ya ɗebo ɗan folish a yatsa ya murza wurin kamar sau goma. Da muka turo motar rana, ga wani tabo mai ƙyalli kamar kwabo a tsakiyar baƙin, ana hango shi daga bakin ƙofar gareji. Bonet ɗin gaba ɗaya muka sake. Ban yi masa faɗa ba, domin ni ne ban gaya masa ba. Tun daga ranar, kafin a buɗe gwangwanin mat sai na tara kowa na faɗa musu.

Yaya ake haɗa kiliyar?

Kiliyar mat ta kirki mai haɗi biyu ce, wadda ake rubuta wa 2K: kiliya da hadna, wato ruwan da ke sa ta kama ta yi tauri, sannan tina. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, don haka takardar bayanin kayan za ka bi, kada ka ɗauki haɗin wani kamfani ka yi wa na wani. Ka auna da kofin awo ko sikeli. Awon ido da aka saba yi da gwangwanin madara zai iya wucewa a fenti mai sheƙi, a nan kuwa ɗan ƙarin hadna kaɗan yana sauya kamannin aikin.

Kafin komai, ka juya gwangwanin sosai da sanda mai tsabta har ƙasa. Garin nan yana kwanciya kamar yadda gasara ke kwanciya a ƙasan roba. Wanda ya tsiyayi na sama bai juya ba, ƙofar farko za ta fito da ƙyalli, ta ƙarshe kuma ta fito busasshiya kamar alli. Bayan haɗi ka tace da matacin fenti, ka kuma haɗa wanda zai ishe ka aikin gaba ɗaya a tashi guda.

To riƙon bindiga fa, akwai bambanci?

Akwai. Bakin bindiga mai milimita 1.3 ko 1.4 shi aka fi amfani da shi, ƙarfin iska kuma wajen bar 2 a agogon awon iska, gwargwadon irin bindigar. Ka ɗan ja baya fiye da yadda ka saba, kamar santimita 15 zuwa 20, kuma kowane layi ya hau kan na baya da kusan kashi 70 cikin 100. In haɗuwar layukan ta yi kaɗan, sai aikin ya fito ratsi-ratsi kamar tabarma, kuma ba za ka gani ba sai ya bushe. Hannu biyu ake yi, wato a fesa sau biyu. Wasu ƙwararru sukan yi na farko a kwance, na biyu a tsaye, don layukan su ɓace cikin juna.

Tsakanin hannu na farko da na biyu sai ka jira har ɗanyen ƙyallin ya dushe ko'ina, babu sauran wuri mai jiƙa. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, amma idonka ya fi agogo. Haka za ka sake jira kafin a kunna obin, wato ɗakin da ake gasa fenti a ciki. Gaggawa a wannan gaɓar ita ke kawo dabbare-dabbare.

Sannan mutum ɗaya ya fesa motar daga farko har ƙarshe. Ni da abokin aikina mun shekara da shekaru tare, amma in ya yi gefen dama na yi na hagu, mai ido zai gane.

Gwangwani ɗaya na yi amfani da shi, amma jiya ya fito dusashe, yau ya fito da ɗan ƙyalli. Me ya jawo?

Abubuwa da yawa ke taɓa sheƙin mat. Kauri shi ne na farko: in ka jiƙa wurin da yawa, ƙwayoyin garin sai su nutse, ƙyalli ya ƙaru. Hadna mai saurin kamawa da tina mai saurin tashi su ma suna ƙara ƙyalli, haka gajeren jira tsakanin hannu da hannu, haka gasawa a obin. Siririn hannu, da hadna da tina masu jinkiri, da dogon jira, da barin mota ta sha iska ta bushe da kanta, duk suna ƙara dusashewa. Shi ya sa nake da ɗan littafi a aljihun rigar aiki. Kowane aikin mat sai na rubuta haɗin, da ƙarfin iska, da lokacin da na fesa, da mintunan da na jira. Ranar da motar ta dawo gyara, littafin nan ne ke cetona.

Za a iya yin sa a fili ko a ƙarƙashin rumfa kamar yadda muka saba?

Gaskiya ɗaya ce, ban ba da shawara ba. Na san yawancinmu a Kano da Kaduna da Maraɗi a rumfar kwano muke aiki, mu yayyafa ruwa a ƙasa mu fesa da sassafe, kuma ana fitar da aiki mai kyau a haka, domin folish na rufa asiri. Mat na son ɗaki rufaffe mai matacin iska. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazon hunturu ke sauka har cikin kwanon abinci, fesa shi a rumfa asarar kaya ce kawai. In ba ka da ɗakin, ka gama shirin jikin motar a wurinka, ka kama hayar obin na yini ɗaya, ka sa kuɗin a cikin ciniki.

Akwai wata dabara da ke rage haɗari sosai. Bayan launi, ka fara sa kiliya mai sheƙi ka bar ta ta bushe sarai. Sai ka bi ta da samfefa 800 zuwa 1000, ka kashe duk ƙurar da ta faɗa tun daga matakin launi, ka goge tas. A kan wannan shimfiɗa mai tsabta za ka ɗora mat. Kaya da lokaci sun ƙaru, amma ƙurar da za ka yi fargaba ta zama ta hannu biyun ƙarshe kaɗai.

Zafin bazara yana ɓata shi?

Yawancin takardun bayanin fenti an rubuta su ne bisa zafin digiri 20. Mu kuwa a Afrilu, Kano da Sakkwato na haura 40. A irin wannan zafi feshin na bushewa a iska kafin ya sauka, sai jikin ya fito da kaushi kamar samfefa, haɗin da ke cikin kofi kuma ya yi saurin kauri. Ka nemi hadna da tina masu jinkiri, ka fesa bayan sallar asuba, kada ka taɓa fesa ƙarfen da ya daɗe a rana bai huce ba. Da damina kuma ruwan da ke taruwa a tankin kwamfuresa ne abokin gaba, ka riƙa zubar da shi kullum.

Yallaɓai, an ƙuje mini ƙofa a kasuwa. Ba za a ɗan taɓa wurin kawai ba?

Mu fara duba ko ƙujewar ta gaske ce. Sau da yawa fentin ɗaya motar ne ko robar hannun babur ya manne a sama. Wannan yakan fita da sabulun mat da tsumma mai laushi, a hankali, ba tare da dannawa ba. In kuwa farce na maƙalewa a wurin, ko wurin ya yi ƙyalli saboda gogayya, kiliyar ta taɓu.

Ɗan tsaguwar tsakuwa kamar kan allura ana iya ɗiga masa fenti da siririn buroshi don kada tsatsa ta shiga. Za a gan shi in an matso, amma ya fi barin ƙarfe a buɗe. Abin da ya wuce haka, sai an fesa ƙofar gaba ɗaya daga gefe zuwa gefe. A fenti mai sheƙi muna iya tsayar da sabuwar kiliya a tsakiyar fanel, wato ɓangare guda na jikin mota kamar ƙofa, mu narkar da bakinta, mu bi da folish. A mat wannan bakin zai zauna yana kallon kowa. Wani lokaci ma, in ƙofar ta ƙi dacewa da maƙwabtanta, sai an bi gefen motar duka, daga fenda ta gaba har ta baya. Na san maganar ba ta da daɗin ji ga wanda ya zo da tabo kamar tsawon yatsa, amma gara ya ji ta kafin a fara.

Ta yaya kuke daidaita sabon fenti da tsoho?

Abu biyu ake daidaitawa, launi da kuma yawan dusashewa, na biyun ya fi wuya. Mat ba mataki ɗaya ba ne. Akwai na'urar awon sheƙi da ake ɗorawa a jikin mota, tana haska fitila a kusurwar digiri 60. Fenti mai sheƙi yakan ba da wajen 90, mat sosai ƙasa da 10, masu ɗan laushin ƙyalli kuma suna tsakani. Ko a mota ɗaya, bonet da rufi da suka fi shan rana da wanki sukan bambanta da ƙofofi.

Don haka manyan kamfanonin fenti ke sayar da kiliya iri biyu da ake gaurayawa. PPG, alal misali, yana da D8115 mai dusashewa sosai da D8117 mai rabin sheƙi, a haɗa su gwargwadon abin da motar ke nema. Ko da na'ura ko babu, ƙa'idar ita ce gwaji. Ka yanka ƙananan falankin ƙarfe uku ko huɗu, ka fesa musu launin, kowanne ka sa masa haɗin kiliya daban, ka rubuta a bayansa. Ka fesa su a tsaye in ƙofa za ka yi, a kwance in bonet ne, ka busar da su yadda za ka busar da motar. Sai ka wanke fanel ɗin da ke kusa, ka kara su a jiki a hasken rana, ka duba ta gaba, ka duba ta gefe, ka tsuguna ka duba. Rabin yini yakan tafi a wannan, kuma ban taɓa nadamarsa ba.

Motata 'yar Kwatano ce mai sheƙi. Za a iya mayar da ita mat ba tare da an sauya launi ba?

Za a iya, in fentinta na asali lafiyayye ne. A wanke, a cire maiƙo, a kashe sheƙin da samfefa mai laushi, a ɗora kiliyar mat. Amma in kiliyar ta fara ɓarewa a rufi, ko akwai tsohuwar fila, wato cikon lotsawa, da ta tsage, sai an gyara tukuna. Kada kuma wani ya ce maka bin fenti da samfefa kawai a bar shi haka shi ne mat. Wannan kashe fenti ne, zai riƙe datti, kuma ya rage kaurin da ke kare launin.

Yaya zan riƙa wanke ta?

Da hannu, a inuwa, jikin motar a sanyaye. Ka fara kwarara ruwa ya tafi da ƙura kafin tsumma ya taɓa ta. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsumman maikirofaiba mai tsabta. Sabulun ya zama na mota wanda babu waks a ciki. Ka ja hannu a miƙe, kada ka riƙa zagayawa kana dannawa a wuri ɗaya. Ka tsane ruwan nan take, domin ruwan burtsatse na wurare da yawa yana barin farin tabo in ya bushe da kansa, kuma a mat ba ka da folish ɗin da za ka bi shi da shi.

Abu biyu ke kashe mat a garuruwanmu. Na farko, al'adar nan ta direba ko maigadi ya ɗauki busasshen tsumma da safe ya kaɗe ƙurar hunturu. Wata uku a haka, bonet zai fara ƙyalli a inda hannu ya fi bi. Na biyu, wurin wankin mota inda ake zuba omo a bokiti, a gama a shafa mai don a burge ka. Ka tsaya a kan motarka, ka ce musu kada a shafa komai. Man taya ma a kula kada ya fantsamo jiki.

Kashin tsuntsu da fetur fa?

Kada su kwana. Kashin tsuntsu da na jemage suna cin kiliya, balle a rana. Ka jiƙa tsumma ka ɗora a kai na 'yan mintuna har ya yi laushi, ka ɗauke shi ɗauka, ban da kankara. Inuwar darbejiya na da daɗi, amma tsuntsayen da ke kwana a kai da abin da ke ɗigowa daga bishiyar ba sa yi wa mat daɗi. Fetur in ya zuba a gidan mai, ka dangwale shi da tishu nan take, ka wanke wurin in ka isa gida. Shatin yatsu masu maiƙo a bakin ƙofa yakan fita da sifirit irin na aisofurofil da aka sirka rabi da rabi da ruwa, a shafa sama-sama.

Akwai man kariya da ruwan seramik da aka yi musamman don mat, suna taimakawa. Ka tabbata an rubuta haka a jikin kwalbar, ka kuma gwada a ɓoyayyen wuri tukuna.

Tsakanin fenti da leda, wanne ya fi?

Ga wanda yake son ya ɗanɗana yayin ne kawai, ko yana tunanin sayar da motar nan gaba, leda nake ba shi shawara. Ledar liƙawa irin ta 3M ko Avery Dennison tana ba da kamannin mat, in ƙofa ta ƙuje a sauya ta ƙofar kaɗai, in an gaji a ɓare, fentin asali na nan a ƙasa. Rauninta rana ce: a irin zafinmu rufi da bonet ke fara ƙonewa, kuma in aka bar ta ta wuce lokacinta, cire ta wahala ne. Akwai kuma leda mai kauri ta kariya, kamar XPEL Stealth, wadda ke mayar da fenti mai sheƙi mat, tana kuma tare tsakuwa. Ta fi tsada. Fenti kuwa ya fi zurfin kyau da daɗewa, ga wanda ke da wurin ajiye mota a inuwa da haƙurin wanki.

Akwai matsala da hukuma?

In launin ya sauya, ka je ofishin lasisi a gyara takardun motar su dace da abin da ke jiki. Kuma ka guji koren soja. Samari na son sa a mat, amma a Najeriya akwai dokar da ta hana farar hula hawa mota mai wannan launi.

Maigida, takunkumin tsumma bai isa ba? Ai mat ba ya wari sosai.

Bai isa ba, ɗana, kuma wannan ita ce amsar da na fi so yaran gareji su riƙe. Hadnar yawancin kiliyar 2K tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota asma. Hanci ba ya jin sa a lokacin da yake ɓarna, kuma in ƙirji ya riga ya kamu, ɗan kaɗan ma ya isa ya tayar da ciwon. Na san mutanen da suka bar sana'ar nan suna da ƙarfinsu saboda numfashi. Abin da ya dace shi ne takunkumi mai rufe fuska wanda ake turo masa tsabtatacciyar iska ta tiyo. In ba a samu ba, mafi ƙaranci shi ne mai gwangwanin gawayi sabo, ya kama fuska sosai, da safar hannu da rigar da ta rufe jiki. Madarar da ake sha bayan feshi ba ta wanke huhu. Kada kuma ka ɗaga takunkumin don ka leƙa aikin da zarar ka saki bindiga, domin hazon fentin na nan a ɗakin. Ka bar fanka ta janye shi tukuna, sannan ka dawo ka duba.